Takardar EGFR da Hasashen Makomar Mai Cutar Dajin Huhu

A daminar bara wani matashi da ke sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ya miƙo mini wata takarda da ya ninke gida huɗu, wadda ta daɗe a aljihunsa har gefenta ya fara cinyewa. Sakamakon gwajin mahaifiyarsa ne, dattijuwa mai shekara 60 da 'yan kai, wadda ba ta taɓa kai karan sigari bakinta ba, kuma sai da ta shafe wata shida tana shan maganin tarin fuka kafin aka gano cewa cutar daji ce a huhunta na dama. A tsakiyar takardar an rubuta EGFR da manyan baƙaƙe, an rubuta lamba 19, an kuma nuna cewa an samu abin da ake nema. Ya ce da ni, "Malam, likita ya ce mun yi sa'a, ni kuwa ban ga sa'ar ba. Wannan rubutun cewa yake Inna za ta tashi, ko kuwa me yake cewa?"

Tambayar tasa ɗaya ce a baki, amma a wajen likitocin cutar daji tambayoyi biyu ne mabambanta. Ta farko ita ce yadda cutar za ta tafi da mutum bisa ɗabi'arta, ko mai gaggawa ce ko mai jan ƙafa. Ta biyu ita ce wane magani cutar za ta ji. Abin da na fahimta shi ne, takardar da ke hannunsa ta fi amsa tambaya ta biyu nesa ba kusa ba, kuma duk wani albishir da take ɗauke da shi a kan tambaya ta farko yana rataye ne a wuyan samun maganin. Kafin a ga dalilin haka sai an koma ga yadda ƙwayar halitta take karɓar umarni.

Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanyoyin iska na huhu ba sa rabuwa su hayayyafa bisa ganin damarsu, saƙo suke jira. Saƙon wani ɗan ƙaramin furotin ne da maƙwabtansu ke saki idan an ji rauni ko ana buƙatar gyara, shi ake kira sinadarin girma. Wani masani ɗan Amurka, Stanley Cohen, shi ya ware ɗaya daga cikinsu a 1962 daga gabar da ke samar da yawu a jikin ɓera, bayan ya lura cewa jariran ɓerayen da aka yi wa allurarsa suna buɗe ido da fitar da haƙori kafin lokacinsu. Ya raɗa masa suna EGF, kuma wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. Shi kuwa EGFR shi ne makarɓin wannan saƙo, kuma yana da 'yan'uwa uku, HER2 da HER3 da HER4, waɗanda na farkonsu ya yi suna a cutar dajin mama.

Makarɓin yana tsaye ne a jikin tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta, kansa a waje, ƙafarsa a ciki, kamar mai gadin da ya tsaya a bakin ƙofa. Idan saƙo ya iso ya maƙale a kan da ke waje, sai makarɓai biyu su matso su haɗu, haɗuwar nan kuma ita ke tayar da ɓangaren ciki, wanda masana ke kira tayirosin kines. Wannan ɓangare yana da wani ɗan aljihu da yake karɓar ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, ya ciro fosfet daga jikinsa ya manna a jelar makarɓin. Daga nan saƙo ya riƙa bin hannu zuwa hannu ta layuka biyu manya. Layin RAS da RAF da MEK da ERK yana kai umarnin "ki rabu biyu" har cibiyar ƙwayar, shi kuma layin PI3K da AKT yana kai umarnin "kada ki mutu". A jikin mai lafiya abin ba ya daɗewa, domin ƙwayar tana haɗiye makarɓin ta narkar da shi ko ta mayar da shi bakin aiki, sai wuri ya yi tsit.

Tsarin gina wannan makarɓi yana rubuce cikin rubutun gado da ake kira DNA, a kuromosom na 7, a wani babi mai shafi 28, kowane shafi ana ce masa ekson. Shafi na 18 zuwa na 21 su ne ke bayanin aljihun nan na ATP. Idan wasu 'yan haruffa suka zube daga shafi na 19, ko harafi guda ya sauya a shafi na 21 ya haifar da abin da ake rubutawa L858R, sai makarɓin ya fito a karkace, yana ba da umarni dare da rana ba tare da wani saƙo ya zo daga waje ba. Waɗannan jirkicewa biyu su ne kimanin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na duk jirkicewar EGFR da ake gani a dajin huhu, kuma ta farkon ita ce lamba 19 da ke takardar matashin. A mafi yawan lokuta jirkicewar tana faruwa ne a cikin ƙwayoyin ƙarin dajin kaɗai, ba daga iyaye aka gaje ta ba, ba kuma za a bar wa 'ya'ya ba. Wannan ya kamata a faɗa wa iyali tun farko, domin na ga yadda tsoron gado ke hana mutane barci.

Dajin huhu shi ne kan gaba wajen kisa a cikin cututtukan daji a duniya. Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum kusan miliyan 2.5 sun kamu, kimanin miliyan 1.8 kuma sun rasu. Kusan kashi 15 cikin 100 irin mai ƙananan ƙwayoyi ne, wanda yake da alaƙa mai ƙarfi da sigari, sauran kashi 85 kuma an tara su a rukuni guda, mafi yawa a cikinsu shi ne adenokasinoma. A wannan nau'i ne jirkicewar EGFR ta fi zama. A tsakanin Turawa tana kaiwa kashi 10 zuwa 15 na masu adenokasinoma, a gabashin Asiya kuwa kashi 40 zuwa 50, kuma ta fi yawa ga mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Da farko masana sun nemi amsar a inda ba ta nan. Sun lura cewa ƙarin huhu da yawa suna ɗauke da makarɓan EGFR fiye da kima a jikinsu, sai aka zaci yawan makarɓan shi zai nuna wanda cutarsa za ta yi tsanani da wanda zai ji magani. An shekara da shekaru ana rina yankakken nama ana ƙirga makarɓai a ƙarƙashin madubin likita, amma sakamakon bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. A daidai wannan lokaci aka fito da gefitinib, ƙwayar magani da ke shiga aljihun ATP ta toshe shi, aka amince da ita a Japan a 2002, a Amurka a 2003. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne mutum ɗaya ko biyu cikin goma sukan samu sauƙi na ban mamaki, wanda yake kwance da bututun iska ya miƙe cikin makonni, sauran kuwa kamar an ba su alli. Da aka gwada ta a kan mutum kusan 1,700 ba tare da tantancewa ba, ba a ga ta ƙara tsawon rai a jimlace ba, har hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da ita a 2005.

A shekarar 2004 ne rukunin masu bincike uku, biyu a Boston ɗaya a New York, suka gano bakin zaren. A rukunin Thomas Lynch da Daniel Haber, takwas daga cikin marasa lafiya tara da suka ji maganin suna da jirkicewa a shafukan nan, cikin bakwai da ba su ji ba kuwa babu ko ɗaya. Ashe ba yawan masu gadin ne abin dubawa ba, sai dai ko mai gadin ya zauce. Ƙarin da ke da jirkicewar ya jingina rayuwarsa kacokan a kan wannan makarɓi guda, don haka da an toshe shi sai ƙwayoyin su rasa umarnin "kada ki mutu" su zube. Ƙari ga haka, karkataccen aljihun ya fi kama maganin fiye da lafiyayye.

Gwajin da ya fi fayyace tambayoyinmu biyu shi ne wanda Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta, aka wallafa a 2009, a kan mutum 1,217 a gabashin Asiya, duka masu adenokasinoma da ba su sha taba ba ko suka ɗan sha suka daina. An ba rabi gefitinib, rabi kemo, wato maganin daji na ƙarin ruwa da ke kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. A cikin masu jirkicewa, ƙarin ya motse ga kimanin kashi 71 na waɗanda suka sha ƙwayar, da kashi 47 na waɗanda aka yi wa kemo. A cikin marasa jirkicewa kuwa, ƙwayar ta yi aiki ga kashi 1 kacal, alhali kemo ya yi ga kusan kashi 24. Magani ɗaya, mutane masu kama da juna a ido da tarihi, amma ga wani rahama ne, ga wani ɓata lokaci ne da asarar damar kemo. Daga wannan ne aka daina cewa "mace ce, ba ta shan taba, a ba ta ƙwayar kawai". Sai an gwada.

Akwai wani abu a wannan gwaji da ba a cika kawowa ba, shi ne ya fi shafar tambayar matashin. Masu jirkicewa sun rayu kusan wata 22 a adadin tsakiya, wato rabinsu sun wuce haka rabi sun gaza, ko da ƙwaya aka fara musu ko da kemo, marasa jirkicewa kuwa kimanin shekara guda. Mai saurin yanke hukunci zai ce ashe jirkicewar da kanta alheri ce. Sai dai akasarin waɗanda aka fara wa kemo sun samu ƙwayar daga baya, saboda haka mafi yawan mutanen rukunin sun ɗanɗani maganin. Binciken da aka yi a kan waɗanda aka yi wa tiyata ba tare da wannan magani ba kuwa ya ba da sakamako masu karo da juna, kuma an san ƙarin da ke da jirkicewar EGFR yana yawan hayewa ƙwaƙwalwa. A ganina ba adalci ba ne a ce wa iyali "kun yi sa'a" a yi shiru. Cikakkiyar maganar ita ce an samu makullin da ya dace da ƙofar, idan ana iya mallakarsa.

Sannan sauƙin ba ya ɗorewa. Da magungunan zubin farko, gefitinib da erlotinib, cutar takan dawo bayan wata 9 zuwa 13 a adadin tsakiya, domin a cikin biliyoyin ƙwayoyin ƙari ba a rasa 'yan tsirarun da maganin bai kashe ba, su ne ke cike gurbin waɗanda suka mutu. A cikin kimanin rabin marasa lafiya dalilin shi ne jirkicewa ta biyu mai suna T790M, wadda aka bayyana a 2005, wadda ke sa aljihun ya koma fifita ATP a kan maganin. An ƙera osimertinib domin wannan matsala, yana manne wa makarɓin a wani wuri na bakin aljihun da ake kira gurbi na 797 mannewar da ba ta ɓamɓaruwa, yana kuma shiga ƙwaƙwalwa fiye da na baya. An amince da shi a Amurka a 2015. Da aka gwada shi a matsayin maganin farko a kan mutum 556, ya riƙe cutar wata 18.9 maimakon 10.2 na magungunan zubin farko, tsawon rai kuma ya kai wata 38.6 maimakon 31.8.

Shi ma ƙarin yana samun hanyar kuɓuce masa. Wani lokaci gurbi na 797 ne ke sauyawa maganin ya rasa mamanna. Wani lokaci kuma ƙarin ba ya taɓa EGFR ko kaɗan, sai ya ninka wani makarɓi daban mai suna MET, wanda ke kai saƙo ga layukan RAS da AKT ta wata ƙofa. Mazauna Legas sun san wannan ɗabi'a, domin duk lokacin da aka rufe gadar Third Mainland don gyara, motoci ba sa fasa shiga tsibiri, sai su kwarara ta titin Ikorodu su haye gadar Eko ko ta Carter. A wasu 'yan kaɗan kuwa ƙarin rikiɗa yake yi gaba ɗaya ya koma irin mai ƙananan ƙwayoyi, wanda sai kemo. Shi ya sa idan cutar ta motsa likita ke neman a sake yanko nama ko a ɗebi jini a nemi ɓurɓushin DNA na ƙarin, abin da iyalai da dama ke ɗauka neman kuɗi ne kawai.

Waɗannan lambobi na watanni suna buƙatar fassara, domin su ne ake karantawa a waya da tsakar dare a tashi da kuka. Adadin tsakiya ba wa'adi ba ne. Idan aka jera marasa lafiya sahu guda daga wanda ya fi gajeren kwana zuwa wanda ya fi tsawo, adadin na mutumin da ya faɗo tsakiyar sahun ne, rabi sun gaza shi, rabi sun wuce shi, wasu da shekaru. Likita yana maganar taro ne, ajalin mutum guda kuwa Allah kaɗai ya san shi, kuma babu saɓani tsakanin maganganun biyu. Amfanin adadin shi ne a auna magani da magani, a kuma tsara kuɗi da jinya da idon basira.

Ba kuma duk takardar da aka rubuta EGFR ce ke nufin abu ɗaya ba. Masu zubewar haruffa a shafi na 19 sukan fi masu L858R daɗewa a kan magani. Ƙarin haruffa a shafi na 20 kuwa akasari ba ya jin waɗannan ƙwayoyi, sai a 2021 aka samu amivantamab dominsa. Idan tare da EGFR an samu lalacewar TP53, wanda shi ne birkin ƙwayar halitta, sauƙin yakan fi gajarta. Idan kuma jirkicewar a KRAS take, wato ɗaya daga cikin dangin RAS, wadda ta fi yawa ga mashaya taba, toshe EGFR ba shi da amfani, tunda mai ihun yana can cikin gida bayan an wuce mai gadi, kuma sai a 2021 aka samu sotorasib domin nau'i guda daga cikinta. Akwai kuma ALK, wani makarɓin da rukunin Hiroyuki Mano na Japan ya gano matsalarsa a 2007, wanda ke shafar kashi 3 zuwa 5, galibi masu ƙarancin shekaru. A gwajin lorlatinib, maganin da ke toshe ALK, kashi 60 na masu wannan nau'i cutarsu ba ta motsa ba bayan shekara biyar.

Duk da wannan ilimi, abubuwa biyu na dā ba su sauka daga kujerarsu ba, wato matakin da cutar ta kai da ƙarfin jikin mara lafiya. Ƙarin da bai bar huhu ba, ko ya tsaya a kaluluwar kusa, ana iya cire shi da tiyata da niyyar warkewa. A gwajin da aka ba irin waɗannan osimertinib na shekara uku bayan tiyata, kashi 88 suna raye bayan shekara biyar, a kan kashi 78 na waɗanda ba a ba su ba. A mataki na huɗu kuwa, inda cutar ta kai ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa ko ta tara ruwa mai ƙwayoyin daji a ƙirji, manufar ita ce a riƙe ta a sauƙaƙa numfashi, ba a tumɓuke ta ba. Haka nan wanda yake iya zuwa banɗaki da kansa ya yi sallarsa a tsaye ba ɗaya yake da wanda ya yini a kwance ba, ko da takardunsu iri ɗaya ne.

A nan ne halin da muke ciki a Legas ke shigowa cikin lissafi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, saboda haka tari mai tsawo da rama da inuwa a hoton ƙirji tarin fuka suke fara kawowa a zuciyar kowa, kuma sau da yawa hakan daidai ne. Amma idan gwajin kaki na GeneXpert bai nuna ƙwayar cutar ba, aka kuma yi wata biyu ana shan magani babu sauƙi, ci gaba da shi ba tare da hoton CT ba yana iya zama watannin da cutar ke hayewa daga matakin tiyata zuwa na huɗu. Rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka kuma yana sa hanta ta yi saurin narkar da gefitinib da erlotinib da osimertinib, har ƙarfinsu ya ragu a jini. Magungunan olsa irin su omeprazole suna rage shigar gefitinib da erlotinib jiki, taba kuma tana rage ƙarfin erlotinib. Dole likita ya ga duk abin da ke cikin ledar magani, har da na gargajiya.

Sai batun iskar da muke shaƙa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin masu jawo daji a 2012, gurɓatacciyar iskar waje kuma a 2013. A 2023 rukunin Charles Swanton a Landan ya wallafa binciken da ya samu jirkicewar EGFR a kashi 18 na samfurin huhun da babu daji a cikinsa, ya kuma nuna a jikin ɓeraye cewa ƙananan ɓurɓushin hayaƙi suna tayar da kumburi da ke farkar da irin waɗannan ƙwayoyi masu barci. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a 2018, akasarinsu ƙananan yara, ba ta hanyar daji ba. Duk da haka, wanda ya yini a bayan tirelolin Apapa ko ya kwana da janareta a bakin tagarsa a Agege bai kamata a kore masa zaton dajin huhu ba don kawai bai taɓa shan taba ba.

Manyan gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne galibi a Asiya da Turai da Amurka, a kan mutanen da aka tantance da wuri, suka kuma sha maganinsu kullum babu fashi. Legas tana da cibiyar cutar daji a asibitin koyarwa na Idi-Araba, wadda aka buɗe a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya erlotinib cikin jerin muhimman magunguna a wannan shekara, tare da gefitinib da afatinib a matsayin madadinsa, kuma akwai samfurinsu masu rahusa. Amma galibin iyalai daga aljihu suke biya. Wanda ya sha wata biyu ya tsaya wata ɗaya yana jiran kuɗin adashi ba ya cikin sahun da aka ciro wata 18.9 daga gare shi. Don haka nake ganin ya fi kyau a zauna da likita a faɗi gaskiyar abin da za a iya saye ba yankewa, ko da na zubin farko ne, a kan a fara mafi tsada a bar shi a hanya. A kuma sani cewa ƙuraje a fuska da ƙirji, da gudawa, da ciwon gefen farce suna zuwa ne saboda fata da hanji ma suna amfani da wannan makarɓi, kuma ana iya sarrafa su ba tare da an daina shan maganin ba, amma sabon tari da sarƙewar numfashi abin garzayawa asibiti ne a ranar.

Da na gama yi wa matashin wannan bayani, na ce masa takardarsa ta nuna irin jirkicewar EGFR da ta fi jin magani, amma ba ta faɗi matakin da cutar ta kai ba, ba ta kuma faɗi ko an duba ƙwaƙwalwa ba. Na tambaye shi ko Inna tana iya tashi da kanta, ya ce har girki takan taɓa idan numfashin ya bar ta. Na tambayi sakamakon hoton CT, ya ce yana gida cikin ambulan, bai ɗauka yana da muhimmanci kamar wannan ba tunda wannan ce ta fi cin kuɗi. Na ce ya haɗa su duka biyun da ragowar maganin tarin fukan ya kai wa likitan ranar da za su koma.